Judo ko tekwando: da wanne sabon shiga zai fara?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce shekarunka 28, a shago kake wuni a zaune, ba ka taɓa shiga wani horo ba, kuma kana son abin da zai motsa maka jini ya kuma koya maka kare kai. A filin wasan garinku ana koyar da judo da tekwando, abokanka kuma sun ce ka rabu da kayan baƙi ka tafi dambe. Na ɗan taɓa tekwando ina saurayi, daga baya na zauna a judo shekaru da dama. Ga abin da idona ya gani.

Tekwando wasan ƙafa ne, daga Koriya ya fito, kuma tun gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ake ba da lambar yabo a kansa. Dokar gasar ma ta nuna inda ƙarfinsa yake: naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a ƙirji 2, shuri a kai 3, in ka juya ka kai shurin makin ya ƙaru. Naushi a fuska kuwa haramun ne. Mu ma ba baƙi ba ne a cikinsa. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ɗauko azurfa a Riyo a 2016, shekara ɗaya bayan nan ya zama zakaran duniya. Tekwando zai gyara maka numfashi, ya sa maka zafin nama, kuma ba ya neman kaya da yawa a farko. Fili mai laushi ya isa, kana iya maimaita shurinka kai kaɗai a tsakar gida bayan asuba.

Amma ka san abin da za ka tarar. Wata biyu ko uku na farko buɗe cinya ne da miƙe jijiya. Yaro ɗan shekara goma jikinsa kamar roba yake, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai shekara 28 da ya saba da kujera zai kai ƙafarsa kan mutum, sai dai da haƙuri mai yawa, kuma a nan ne manya da dama suke sarewa. Wajen kare kai ma akwai giɓi: tun da ba a naushin fuska, ɗalibai da yawa suna sabawa da sauke hannu ƙasa. Shuri kuma yana son sarari. A cikin cunkoson kasuwa, da doguwar riga da silifa, ƙafar da ka ɗaga sama ta bar ka tsaye a kan ɗaya.

Judo akasin haka ne. Babu naushi, babu shuri. Wani malamin makaranta ɗan Japan, Jigoro Kano (sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birninmu), shi ya kafa shi a Tokiyo a 1882, bayan ya tace tsohon salon faɗan ƙasarsu ya cire abubuwan da ke nakasa abokin atisaye. Riga kake kamawa, ka raba mutum da tsayuwarsa, ka kai shi ƙasa. Ana cin wasa da kaye mai kyau a gadon baya, ko danne mutum na daƙiƙa 20, ko murɗe gwiwar hannu ko shaƙewa har ya buga ƙasa alamar ya sallama. Duk wanda ya yi kokawa a yashi yana yaro zai ji kamar ya dawo gida, sai dai a gasar judo an hana kama ƙafa da hannu.

Abin da ya sa nake son judo ga sabon shiga shi ne darasin farko. Kafin a koya maka kayar da kowa, sai an koya maka faɗuwa. Makonni za ka yi kana faɗuwa ta baya, ta gefe, ta gaba: ka manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka daki katifa da dukan hannu don raba nauyin, kada ka taɓa dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu, domin ta nan wuyan hannu da kafaɗa suke karyewa. Mutane suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni kuwa a duk shekarun nan ban taɓa kayar da kowa a titi ba, amma wata rana da damina babur ya zame da mu a kwana, jikina ya mirgina da kansa kafin in yi tunani, na tashi da ƙujewa kawai. Ka lissafa sau nawa mutum yake faɗa a rayuwarsa, sau nawa kuma santsin banɗaki ko babur yake kayar da shi.

Na biyu, a judo kana gwada ƙarfinka duka a kan wanda shi ma da gaske yake turjewa, kusan kowane atisaye, ba tare da an bugi kanka ba. Abin da ka koya ka san ko yana aiki. Kuɗinsa kuwa sai ka shirya: rigar mai kauri ce, ta fi ta tekwando tsada, ba a yin sa sai da katifu masu kyau, ba a yin sa sai da abokin riƙo. Yatsu za su yi tsami, targaɗen kafaɗa da gwiwa kuma ba baƙon abu ba ne. Ga 'yan'uwa mata da ke karantawa, judo jiki da jiki ne, don haka ku tambaya tun farko ko akwai ajin mata.

Dambe namu ne, ina girmama shi ƙwarai. Sai dai sana'a ce ta waɗanda suka taso a cikinta. Hannun da aka naɗe da zare kai yake nema, burin turmi kuma shi ne kisa, wato mutum ya kai ƙasa. Gidan dambe wurin karawa ne, ba aji ba. Mai iyali da shago wanda bai taɓa tare naushi ba, ban ba shi shawarar ya fara daga nan ba. In jinin gargajiyar ne ke fizgarka, kokawa ta fi kusa da abin da kake nema.

Ni dai judo zan ce maka, da sharaɗi. Je ka zauna ka kalli atisaye sau biyu kafin ka biya ko sisi. Duba katifun: in siminti ne aka rufe da siririn soso, juya. Duba ko ana ware sababbi a koya musu faɗuwa, ko kuwa ranar farko ake miƙa su ga masu baƙar ɗamara, wato ƙwararru, su yi ta maka su da ƙasa. Duba ko koci yana dakatar da wanda ya ji ciwo ko tsawa yake masa. In judon garinku ya faɗi wannan jarrabawa, kocin tekwando kuma mai natsuwa ne, shiga tekwando ba tare da wata-wata ba, ka roƙe shi ya riƙa tuna maka ɗaga hannu.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonka, tun da ka ambaci kare kai. Ko wanne ka zaɓa, ko shekara nawa ka yi, in mai ƙwacen waya ya zaro maka wuƙa, miƙa masa wayar. Babu koci na gari da zai ce maka wani abu daban.