Maganar rautar da ka ce in aiko daga Jamus

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya su Hajiya da yara. Na ga saƙonka, wai Wi-Fi ba ya kaiwa zaure in aiko maka rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ta nan. Bari ka ji yadda abin yake tukuna.

A nan intanet ɗin gida ba na SIM ba ne kamar namu. Kwantiragi ake sa wa hannu, yawanci na wata 24, kamfani ya ba ka akwati ɗaya a jona da layin tarho na bango ko kebul ɗin talabijin, faiba ma har yanzu ba ta kai gidaje da yawa ba duk da sunan Jamus ɗin. Biya wata-wata ne kuma ba zancen data ta ƙare, yara su wuni kan YouTube ba mai duba balans. Amma jiran fa! Sai ka yi makonni kana jiran ma'aikaci ya zo ya buɗe layi, in ya zo ba ka gida kuma sai a sake sa wata rana. Kai kuwa ka shiga PZ a Zariya da safe ka sayi akwatinka ka sa SIM, kafin azahar ka hau. A nan kam kun fi mu wallahi.

Abin da ya burge ni shi ne dokarsu, tun 1 ga Agusta 2016 kamfani ba shi da ikon tilasta maka akwatinsa, in ka sayi naka dole ya ba ka bayanan shiga layin. Shi ya sa kusan duk gidan da na shiga sai na ga Fritz!Box, ta wani kamfani a Berlin. Tana da kyau amma tsada, kuma wani kaso na kuɗin na ɓangaren layin tarho ne wanda ba zai maka komai ba a Tudun Wada, ga fulogin nan mai ƙafa biyu zagaye sai ka nemi adafta. TP-Link ɗin Sabon Gari ta ishe ka.

Ni ma a nan ban cire akwatin kamfani ba, tawa na sa a bayansa, kuma haka za ka yi. Akwatin SIM ɗin ka bar shi inda sabis ya fi ƙarfi, jikin taga, sai ka ja kebul daga raminsa na LAN zuwa ramin WAN na sabuwar, wanda launinsa ya bambanta da sauran, ita kuma ka kafa ta kusa da zauren. Ka duba lambar adireshin shiga saiti da ke manne a ƙasan kowanne. In dukkansu 192.168.0.1 ne za su yi karo, sai ka shiga saitin sabuwar ka mayar da ita 192.168.5.1 misali. Na Huawei da yawa 192.168.8.1 ne, su ba ruwansu.

Inda mutane ke rikicewa shi ne yanzu akwati biyu ne kowanne yana raba wa wayoyi adireshi, kamar gida mai zaure biyu kowanne da mai gadinsa, na ciki ya fita ba matsala, baƙon da ya zo daga waje ne ke rasa ɗakin da zai nufa. WhatsApp da Facebook ba za su ma sani ba. PlayStation ɗin yara in suna buga wasa da na waje, da kyamarar tsaro, su ne ke jin jiki. Maganinsa ɗaya daga cikinsu ya daina rabon, ko dai ka sa na kamfani a Bridge ya zama mai miƙa layi kawai, ko ka sa sabuwar a Access Point ta zama mai yaɗa Wi-Fi kawai. Akwatunan SIM da yawa ba su da Bridge ɗin, don haka na biyun zai fi maka sauƙi, nan take ake gamawa. Masu Starlink da ta shigo Najeriya a 2023 nasu sunansa Bypass.

Maganar kallon kyamarar shago daga nesa kuwa kar ka wahalar da kanka da buɗe ƙofofi a saiti, kamfanonin waya adireshi ɗaya suke haɗa mutane da yawa a kai, sai dai ka bi ta manhajar kyamarar.

Kuma Yaya ka sani rauta ba ta ƙara gudu, abin da SIM ya kawo shi take rabawa, in sabis ya yi ƙasa da daddare ko ta miliyan ce haka za ka gani. Bangon gidanmu mai kauri ne, ka bar wayoyin nesa a kan Wi-Fi na 2.4 GHz, shi ya fi na 5 GHz ratsa bango. Wuta kuma, ni nan ban taɓa tunaninta ba, kai dole, yawancinsu bolt 12 suke ci, ƙaramin batir ɗin nan na rauta zai riƙe su in NEPA ta ɗauke. Ka canza kalmar sirrin admin ɗin nan da suke zuwa da ita kafin yaran layi su riga ka.

Ka ɗauko min hoton bayan akwatin in ga ramukansa, da tsawon kebul daga taga zuwa zaure, sai in turo kuɗin gaba ɗaya. A gaida Hajiya sosai.