Batirin da ya fara yoyo a wata na uku, da yadda muka kwashe kan garanti

A watan Janairu, cikin sanyin hunturu, Corolla ɗina ta fara ƙin tashi da safe sai yaran unguwa sun tura. Na je wani shagon batir a wajajen Tashar Dukku a nan Gombe, na sayi sabo mai 75Ah, irin rufaffen nan da ba a ƙara wa ruwa. Mai shagon ya karɓi tsohon ya rage min kuɗi, don darmar da ke ciki tana da kasuwa. Ya ce garanti wata shida. Na ce a rubuta min, ya sa biro a ƙasan rasit ya rubuta, ya buga hatimi. Ba don wannan layi ɗaya ba, da tuni na yi asara.

Wata biyun farko ban da abin cewa. Kullum ina Kumo wurin aiki in dawo, murɗa makulli ɗaya mota ta tashi.

Da zafin Afrilu ya kankama, wata Asabar na buɗe bonet zan duba mai, sai na ga wani farin gari kamar gishiri ya dasƙare a kan batirin, wani wurin har da kore-kore. Na ɗaga shi, ƙarfen da yake zaune a kai ya jiƙe, fentin ya kumbura yana ɓarewa. Hannun rigata ya goga gefensa ban kula ba, sai da aka wanke na ga ya huje wuri uku. Ruwan batir asid ne, yana cin ƙarfe da waya da tufa, in ya faɗa ido kuwa abin ba daɗi. Mai rewayata ya cire kan baƙar waya tukuna, sannan ja, ya wanke wurin da ruwan kanwa yana ta kumfa. Ya goge batirin tas, ya ajiye a kan kwali. Ba a yi minti 20 ba danshi ya sake fitowa ta inda aka haɗa murfi da jiki.

Na kai wa mai shagon. Ko taɓawa bai yi ba ya ce, “Malam, altanetarka ce take cika caji, ta dafa shi. Garanti ba ya ɗaukar wannan.” Maganarsa ba shirme ba ce gaba ɗaya, don altaneta, wato na’urar da ke cajin batir idan inji na aiki, in ta wuce bolt 15 tana tafasa ruwan batir, ya kumbura, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da ya ɓata min rai shi ne yanke hukunci ba gwaji. Na ce, “Alhaji, a auna a gabanka. In motata ce, na yafe.” Aka ɗaura batirin, mai rewaya ya sa mita. Mota a kashe bolt 12.4, da aka tayar 14.1, aka taka totur da fitilu a kunne ba ta wuce 14.3 ba. Lafiyayyar altaneta ke nan. Jikin batirin babu kumburi, babu alamar bugu, mariƙinsa kuma a ɗaure yake.

Nan magana ta sauya. Wai sai an tura wa dila a Legas, in dawo bayan mako biyu. Na nemi ya ara min ko tsoho ne in riƙa lallaɓawa, ya ce babu. Mako uku ina hawa motar haya zuwa Kumo, in na kira a ce min kaya na hanya. Na yi tunanin kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, amma wani maƙwabcinsa ya ce in fara da shugaban ’yan kasuwar layin. Dattijon ya karanta rasit, ya kalli hoton mitar da na ɗauka a waya, ya ce, “Alhaji, hannunka ne wannan ko ba naka ba?” A ranar aka ba ni sabo.

Ra’ayina a kan batirin: ƙarfin tayar da mota yana da shi, kuma a kayan kamfani akan samu ɗaya ya fito da aibi, wannan ban riƙe shi ba. Shagon ne ba zan koma ba, ba kuma zan tura ɗan’uwana ba. Garantin sabon ma cewa ya yi daga Janairu za a ci gaba da lissafi, gyaran ƙarfen da asid ya ci kuwa daga aljihuna mai walda ya karɓa. Sabon yanzu watansa huɗu a mota, duk Asabar ina shafa farin tsumma a gefen murfin, har yau a bushe yake fitowa.