NfL ko CRP: wanne ke nuna ko mai shanyewar ɓarin jiki zai tashi?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce yau kwana 9 da ɓarinsa na dama ya shanye, kuma kin ji akwai gwajin jini, NfL da CRP, da ke nuna ko zai sake taka ƙafarsa. Kina tambaya wanne ya cancanci kuɗinku.

NfL furotin ne da ke cikin zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, kamar yadda kan faru a shanyewar ɓarin jiki, zaren ya lalace, sai ya tsiyayo cikin jini, don haka yawansa yakan bi girman ɓarnar. Ba ya tashi nan take, yakan yi kwanaki yana hawa, ya kuma yi watanni bai sauka ba. Bincike ya nuna waɗanda nasu ya yi yawa sun fi zama da nakasa bayan wata 3. Sai dai abin da ke cikin jinin ɗan mitsitsi ne, sai na'ura ta musamman ke iya auna shi, kuma tsufa da ciwon ƙoda ma suna ɗaga shi. Har yanzu ya fi zama kayan masu bincike, ba gwajin da likita ke yanke magana da shi a gefen gado ba.

CRP kuwa hanta ce ke yin sa idan jiki na fama da kumburi ko ƙwayar cuta. Yana da araha, ba wuyar samu. Shi ma idan ya yi yawa a kwanakin farko, ba alama ce mai daɗi ba. Amma bakinsa ba ɗaya ba ne: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, gyambon kwanciya, duk suna tada shi. A wajen hasashe wannan rauni ne, amma ni a nan nake ganin amfaninsa. Masu wannan lalura da yawa haɗiya na ba su wuya. Ana ba su kunu a kwance, ya sarƙe su, ya gangara huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari. CRP ya tashi, likita ya bi sawu, ya ba da magani. NfL ko ya faɗa miki gaskiya, ba abin da za ki yi da ita.

Duka biyun dai ba su kai idon likita ba. Shekarun Baba, hoton ƙwaƙwalwa na CT, da makin NIHSS, wato ma'aunin da likita ke auna tsananin shanyewar da shi, wanda ke tashi daga 0 zuwa 42 (yawan maki, yawan tsanani), su ne ginshiƙi. Ki tambayi makinsa na ranar farko da na yau. Sannan ki lura da kanki: zai iya zama a bakin gado ba a riƙe shi ba, ko da rabin minti? Wannan alama ce mai kyau ga tafiya. Zai iya miƙe yatsun hannun da ya shanye, ya ɗan ɗaga kafaɗar? Wannan kuma alamar hannun zai iya dawowa.

In likita ya rubuta CRP, ku yi. Kuɗin da za ku kashe wajen neman NfL kuwa, ku juya shi ga gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi na asibiti, da maganin hawan jini, don a watanni 3 na farko jiki ya fi karɓar gashi.