Filayar da maƙeri ya ƙera mini a Magazin, bayan wata biyar ina aiki da ita

Ni sana'ata waya ce. Kejin kaji, ragar gasa nama, tarkon ɓera, wani lokacin har kwandon kife kwanuka, duk a rumfata nake lanƙwasa su a nan Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana. Mai irin wannan aiki filaya ita ce fartanyarsa, ranar da babu ita babu cefane.

Bara kaɗai guda uku na karya, irin masu jan hannun nan da ake bazawa a tire a kasuwar Kejetia. Ta ƙarshen ce ta fi ƙona mini rai. Ina cikin murɗa waya sai na ji ƙas, leɓe ɗaya ya ɓalle ya faɗa kwata. Da na duba wurin karayar sai na ga cikin ƙarfen toka-toka ne, tsaki-tsaki kamar gari. Zubi ne aka shafa masa fenti, guduma ba ta taɓa sauka a kansa ba.

Ranar na ce na gama da su, bari in nemi ta gida. Kada in yi muku ƙarya, ba kishin ƙasa ne ya fara tura ni ba, aljihuna nake tausayi. Amma abin yana damuna. Tun 2004, zamanin Kufuor, ake ce mana mu sa tufafin gida ranar Juma'a, mun sa. Ana haɗa motar Kantanka a Gomoa Mpota. Yaran zangonmu kullum suna bin lungu suna kiran kondem, ƙarfen da suke tarawa a kai Tema a narke a yi rodi, har gwamnati ta hana fitar da tsohon ƙarfe waje a 2013 don masu narkawa su samu. Ƙarfe na nan, wuta na nan, a ce filaya guda ta gagare mu?

Asabar ɗaya cur na kashe tsakanin Adum da Kejetia, shago-shago. In ka ce filaya ƙirar Ghana kake nema, wasu dariya suke yi, wasu su ɗauka zolaya ka zo. Wata mata ta ce mini, "Alhaji, mu da ko allura ba ma yi?" Abin da ke kasuwa dai kun san shi: 'yan Chana masu arha, 'yan Indiya da suka ɗan fi su nauyi, sai tsofaffin na Jamus da Ingila da ke zuwa a gwanjo. In ka dace da Knipex ta gaske, wata filayar Jamus mai suna, ka huta, amma kun san abin da ake cewa kuɗinta.

A wani shago wani saurayi ya ce akwai. Ya shige ciki ya daɗe, ya fito da wata a leda, an manna mata tutar ƙasa a hannu har da baƙin tauraro. Na biya ina washe baki. A trotro, motar hayarmu, zufar hannuna ta ɗaga takardar, na ƙarasa ɓare ta da farce, sai ga sunan Chana an buga a jikin ƙarfen ɓaro-ɓaro. Na koma, yaron nan ya dubi idona ya ce ai a Ghana aka sa ta a leda. Wallahi haka ya ce. Kuɗina ba su dawo ba.

Wani dattijo da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, tsohon direban babbar mota, shi ya ce in daina kashe takalmina. Ya ce in je Magazin in nemi maƙera, mutanen da suke ƙera wa kansu awartaki tun ba a haife ni ba. Duk ɗan Kumasi ya san Magazin ta Suame, sai dai yawancinmu gyaran mota ke kai mu. Can ciki, bayan masu yankan bodi da masu injin gurza ƙarfe, irin waɗanda suka yawaita tun da jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar fasaha a wurin a 1980, akwai maƙera na gaske. Na sami wani tsoho mutumin arewa, Hausarsa ta fi tawa. Uwar maƙerarsa guntun ƙarfen titin jirgi ce, wutarsa ɓawon kwakwar manja, yaro na juya masa iska.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa karyayyar. Ya juya ta sau ɗaya ya jefa cikin tarin kondem.

"Ɗana, riƙo kake so ko yanka?"

"Duka biyu, Baba."

"Taura biyu ba ta taunuwa."

Na nace. Na ce kuma ya ba ta tauri sosai, na gaji da baki mai lotsewa. Ya dube ni jim, ya ce to. Ya jawo fallen sifirin na tsohuwar Benz 207 daga ƙarƙashin benci, ya buga shi da masaba ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, ya ce da wannan za a yi. Na ba da rabin kuɗi. Ya ce Juma'a.

Sau uku na je. Wanda ya san cunkoson shataletalen Suame da rana ya san abin da sau uku ke nufi ga mai rufe rumfa. Zuwan farko ya tafi jana'iza. Na biyu yana cika wa wani aikin adduna. Kuma ba ya ɗaga waya in yana bakin wuta, shi kuwa kullum yana bakin wuta.

Da na karɓe ta a zuwa na uku, gaskiya gabana ya faɗi. Baƙa ce ƙirin, mummuna, ga sawun guduma ko'ina a jikinta, hannu ɗaya ma ya ɗara ɗaya tsawo kaɗan. Ta ninka ta kanti nauyi. Amma na ɗaga ta ga rana na rufe bakin, ko zaren haske bai ratsa tsakanin kaifin ba. Baba ya goga mata magagari, magagarin ya zame bai ci ba. Ya yagi takardar siminti ya sa a bakinta, ta yanke shi tsaf kamar almakashi. Na ciro wayar keji daga aljihu na gwada, sai ka ce kuɓewa ɗanya nake yankawa. Ban san lokacin da na ce Allah ya yi albarka ba.

Sati uku ina cika baki. Babu wanda ban nuna wa ba, daga mai walda na kusa da ni har masu zama wurin mai shayi. Haƙoranta in sun kama waya sun kama ke nan. Murɗin da a da nake yi da hannu biyu ina cije leɓe, da ita hannu ɗaya ya isa. Da a lokacin na rubuta wannan, da sai in ce kowa ya zubar da tasa ya nufi Suame.

Sai Babbar Sallah ta matso. Masu wannan sana'a sun san satin Layya shi ne kakarmu, kowane gida na son raga, masu tsire na son sabbi. Na karɓi aikin raga arba'in, saura kwana uku. Muna aiki har dare ni da ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina, an ɗauke wuta, muna haskawa da fitilar waya. Wayar da nake yi wa raga baki da ita ta ƙare, shaguna sun rufe. Sai na tuna da wayar taya da na ajiye, wadda ake zarewa daga bakin tsohuwar taya. Duk wanda ya taɓa ta ya san ba wayar wasa ba ce, amma ina ganin ai filayata ba abin da zai gagare ta. Na sa, na matsa, ba ta yanke ba. Na haɗa hannu biyu na danna da ƙarfina duka.

Ƙarar da na ji ba irin ta wayar da ta yanke ba ce. Yaron ya yi ihu ya dafe fuska. Gutsuren kaifin ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya fita kamar harsashi ya same shi a ƙasan ido. Jini ya wanke masa kunci har kan riga. Ni dai salati kawai nake yi, hannuna na rawa na kasa riƙe fitilar. Na ce ya buɗe idon, ya ƙi, yana kuka yana kiran "Kawu, Kawu". Na ɗauke shi a pragya, keken haya mai ƙafa uku, muka tafi asibiti cikin daren nan. Allah ya tsare, idon lafiya, tsakaninsa da wurin bai kai faɗin yatsa ba. Aka cire ƙarfen, aka yi masa ɗinki biyu da allurar tsatsa. Abin da na sha wurin uwarsa da safe ba zan rubuta shi a nan ba. Yayata ce, ba ni da bakin ramawa, kuma gaskiyarta.

Ragar nan arba'in, talatin da ɗaya na iya cikawa. Wani mai tsire da muka shekara shida muna ciniki ya tafi wurin wani, har yau bai dawo ba. Kuma kun san da me na ƙarasa aikin? Da mai tutar nan ta Adum. Ta lotse kafin ranar Arfa, amma da ita na ƙarasa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Bayan Sallah na koma Magazin da niyyar faɗa. Tun a mota nake shirya maganganun da zan faɗa masa. Na ajiye ta a gabansa ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ya ɗauka, ya shafa giɓin da babban yatsa.

"Me ka yanka?"

Na yi shiru. Ya sake tambaya. Na faɗa masa. Sai ya tambayi yaron, na ce da sauƙi, ya ce alhamdulillahi, sannan ya ce in zauna. Ya ce ƙarfen sifirin in ya yi ja aka tsoma shi a baƙin mai, tauri yake yi kamar kwalba, kuma kamar kwalba yake fashewa. Shi ya sa ake sake ɗumama shi a hankali ana kallon launi, daga ruwan busasshiyar ciyawa zuwa ruwan ƙasa zuwa shuɗi irin na wuyan tantabara. In ka tsaya da wuri ka sami kaifi, ka rasa juriya. In ka wuce ka sami juriya, kaifin ya ragu. "Kai ka ce in ba ta tauri, ɗana. Na ba ta." Ban sami abin cewa ba. A gabana ya wasa bakin, ya maida ita wuta, ya tsaya yana kallon launin yana tafiya daga gindin haƙora zuwa baki, ya tsoma. Na ciro kuɗi ya ce in mayar, in sayi wa yaron madara.

Na fito ina jin kunya, ina kuma tunanin waɗancan ukun da na karya bara. Wa na kai wa ƙara? Mai tire cewa zai yi ba shi ya ƙera ba.

To amma da na dawo rumfa na huce, sai na ga ba duka laifin ne nawa ba. Ya san na ce masa waya nake yanka. Kalma ɗaya ta ishe shi ranar da ya miƙo mini ita, ya ce kada ka kusanci waya mai tauri da wannan. Bai faɗa ba. Ta kanti ko banza wata akan rubuta a kwalinta iyakar abin da take yanka. Tasa ba kwali, ba rubutu, sai abin da ya ga dama ya gaya maka. Kuma tun da aka wasa ta, ƙarshen bakin ba ya haɗuwa sosai, siririyar wayar ɗauri sai ta zame, dole in koma ga wata.

Ga kuma hannun. Ƙarfe ne tsirara, kuma in waya ta yanke hannayen biyu haɗuwa suke yi gaba ɗaya, sun cije mini tafin hannu ya fi a ƙirga, har yanzu akwai baƙin tabon jini a wurin. Na zura musu tiyon ruwa, ya rage. Amma kada wani ya ga tiyo ya ɗauka za a taɓa wuta da ita. Masu wayarin, ku nemi mai rubutun 1000V, wannan ba taku ba ce. Ni kaina na manta na kama wayar fankar rumfa da ita, abin da ya ja ni har kafaɗa na ji shi. Ƙusar tsakiya ma tana saki duk bayan 'yan makonni, sai na ɗora ta a kan ƙarfe na ɗan daddaka. Da damina kuwa, in ka kwana biyu ba ka shafa mata mai ba, sai ka tarar ta yi ja kamar an barbaɗa mata yaji.

Duk da haka ita nake fara ɗauka da safe. Wata biyar ke nan, haƙoran riƙon ko alamar cinyewa babu, alhali a wata biyar da na riga na binne 'yar Chana ɗaya na fara ta biyu. Wurin lanƙwasa da murɗi ban taɓa riƙe kamarta ba, har da Knipex ɗin da na taɓa ara wurin mai walda. Wurin yanka kuwa ban ƙara yarda da ita ba, ko wayar keji ce sai na kau da fuska, yaron kuma na saya masa tabarau na sa shi dole.

Na koma wurin Baba na ce ya yi mini ta yanka zalla, mai gajeren baki, hannayen kuma ya bar tazara a tsakaninsu. Ya yi murmushi ya ce yanzu na zo hanya. Na ba da rabin kuɗi, ya ce Juma'a. Juma'ar da ta wuce ita ce ta biyu.