An sa min kusoshi a ƙashin baya: abin da aikin ya gyara da wanda ya bari

Aikin da aka yi min shi ne haɗe gaɓoɓi biyu na ƙashin ƙugu, waɗanda likitoci ke kira L4 da L5. Ta sama ce ta zame gaba ta matse jijiyar da ke sauka ƙafa. Zafi yakan taso min daga ɗuwawu ya bi cinya har babban yatsa, in na daɗe a tsaye kuma ƙafar dama ta sage. Na yi gashin ƙashi, na sha magunguna, an yi min allura a baya, sauƙin ba ya daɗewa. Da hoton MRI ya nuna yadda hanyar jijiyar ta tsuke, likita ya ce lokacin tiyata ya yi.

Ya buɗe wa jijiyar hanya, ya ɗaura kusoshi 4 na titaniyom, biyu a kowace gaɓa, ya haɗa su da sanduna 2, sannan ya cusa ɓurɓushin ƙashi a tsakani. Kusoshin riƙo kawai suke yi, kamar katakon da magina ke tokare rufin kankare da shi kafin siminti ya kama. Ƙashin ne zai toho ya haɗe da kansa, kuma hakan na ɗaukar wata 3 zuwa 6, wani ma har shekara. Shi ya sa ake matsa wa mai shan sigari ya daina, domin taba na hana ƙashi haɗuwa.

A kan ciwon ƙafa, alhamdu lillahi, aikin ya biya. Tun ina kwance a asibiti na ji wannan zafin ya ɗauke, kuma yanzu ina zuwa kasuwa a ƙafa. Bayan kuwa bai koma sabo ba. Da asubahin hunturu ƙuguna yakan riƙe, sunkuyo ma ya ragu. Na yaba wa likitan da ya faɗa min haka tun kafin a shiga ɗakin tiyata: ya ce wannan aiki ya fi maganin ciwon ƙafa a kan ciwon baya. Wanda zai je da tunanin za a raba shi da ciwon baya kwata-kwata, gara ya sake zama da likitansa.

Inda na ga gazawa shi ne wajen sallama. An ce kada in sunkuya, kada in murɗa jiki, kada in ɗaga kaya mai nauyi, amma babu wanda ya tambaye ni irin ban-ɗakin da ke gidana. Masan tsuguno azaba ne ga mai sabon ɗinki a baya, sai da ƙanena ya nemo min kujerar bahaya. Haka maganar salla, mai gashin ƙashi ce daga baya ta nuna min yadda zan yi ta a kan kujera, da yadda zan mirgina gaba ɗaya in tashi daga gado. Bel ɗin da aka ba ni yana tallafar ƙugu sosai, sai dai a lokacin zafi yana jawo ƙuraje, dole a sa singileti ta auduga a ƙarƙashinsa. Hawa a-daidaita-sahu a kan titi mai ramuka kuwa, na haƙura da shi na dogon lokaci.

Kuɗi ma a yi tambaya da kyau. A inda aka yi min, na kusoshi daban ne, na tiyata daban, ga na jini da na gashi. A nemi a rubuta komai a takarda tun kafin a sa rana.

Wanda ciwon baya ya kai shi ga kasa riƙe fitsari ko bahaya, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, kada a tsaya wajen mai ɗori, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan take, domin jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta farfaɗo ba ko an yi aikin.