Baƙar Corolla a ranar Birnin Kebbi: silant za ka sa mata

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya tsakanin waks da silant, mayukan nan biyu da ake shafa wa mota don kare fenti, wanne za ka sa wa taka. Silant za ka saya. Tunda ka ce Corolla ce baƙa, an gama yi mata folish da inji, kuma a fili take wuni a sakatariyar Gwadangaji, to ajiye maganar waks gefe tukuna. Da a ce a rumfa take kwana ta wuni, sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure ake fito da ita, da na ce ka bi son ranka. Motar zuwa aiki a garin nan ba ta da wannan gatan.

Folish ɗin da aka yi mata ba kariya ba ce, kankara ce. Injin yana cin saman fentin kaɗan-kaɗan har ya zo daidai da zurfin karcen, shi ya sa kake ganin karcen ya ɓace. Shi kuwa saman nan mai sheƙi da masu fenti ke ce wa kiliya, daga kamfani kaurinsa bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, silin gashin kai ma ya fi shi kauri. Motocinmu kuma galibi 'yan Kwatano ne, sun riga sun sha shekaru a Turai ko Amurka, wani ya yi musu folish a can, dillali ya ƙara a nan kafin ya kai su kasuwa. Abin da ya rage maka ke nan ba shi da yawa. Duk man da za ka shafa yanzu, aikinsa shi ne ya hana ka komawa wurin mai inji da wuri. Ranar da kiliya ta ƙare, rufi da bonet za su fara furfura suna ɓarewa, irin yadda ake gani a tsofaffin motocin haya a tashar Jega. Daga nan babu man da zai gyara, sai sabon fenti.

Waks na kirki daga ganyen wata bishiya ake samunsa, karnuba, dangin su giginya, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil. Zallansa ba ya shafuwa saboda tauri, sai zafi ya kai wajen digiri 82 yake narkewa. Da haka yake zuwa a gwangwani da babu magana. Amma dole sai an sassauta shi da mai da wasu kakin masu laushi kafin soso ya iya ɗaukarsa, irin su kakin zuma, wanda digiri 62 zuwa 64 ya ishe shi. To ka tuna watan Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Baƙin bonet da ke tsakar rana yana iya wuce digiri 70, wanda ya taɓa dafa shi da azahar ya san zancen. Waks ya yi laushi, man da ke ciki ya tashi, ƙura ta samu wurin mannewa. A ƙasashen sanyi wata biyu zuwa uku ake ba shi. A bazararmu bai kai nan.

Na taɓa sayen gwangwanin waks guda a Sakkwato. Ranar da na shafa ya yi kyau, ban ƙi ba, fenti mai duhu yana yin wani irin zurfi da waks. Wanki kaɗan ya tafi da shi. Sauran yana nan a kan taga ya bushe ya tsattsage.

Silant haɗin sinadarai ne na masana'anta. Ba zama kawai yake yi a saman fenti ba, kama shi yake ya bushe ya zama siririyar fata, kuma zafin bonet ba ya narkar da shi. Yawancinsu suna kai wata 4 zuwa 6. Wanda nake amfani da shi Fusso Coat ne na kamfanin Soft99 na Japan, gwangwani mai giram 200, wani ƙanena ya aiko mini daga Kano. An rubuta wata 12 a jikinsa, ni dai da ranarmu rabin haka nake lissafa masa. Iri biyu ne, na mota mai duhu da na mai haske, kai na duhun za ka nema. Kada kuma ka rikice don ka gan shi a daskare kuma an rubuta waks a jikin gwangwanin, abin da ke ciki na masana'anta ne. Idan ba ka same shi ba, Meguiar's da Turtle Wax da Sonax duk suna da nasu na ruwa, sun ma fi sauƙin gogewa.

Da hunturun bara na ga amfaninsa da idona. Mun tafi ɗaurin aure Yawuri da Camry ɗina, ruwan toka mai duhu. Daga Jega zuwa Koko hazo ne sama da ƙasa, ga tireloli suna tula mana jar ƙura duk inda suka sauka daga kwalta. Muka isa motar ba a gane launinta. Aka nuna mini gindin wani mangwaro a ƙofar gidan surukaina na ajiye ta, ashe nan jemagu ke cin kasuwarsu da dare. Da safe rufi da gilashi duk an yi musu ado. Wani yaron gidan ya ɗebo ruwa zai wanke, na ce kada ya sa tsumma tukuna, ya fara watsa mata. Bokitin farko da ya sheƙa a bonet, ruwan ya dunƙule ya gangara da jar ƙasar gaba ɗaya, ya bar fentin kusan a bushe. Yaron ya tsaya riƙe da bokiti ya ce, "Kawu, me ka shafa mata? Ruwa ba ya zama." Kashin jemagen da ya ɗan jiƙa, da yatsa ya ture shi. Motar abokin tafiyarmu da ta kwana kusa da tawa sai da aka dirje ta, kuma shaidar tana nan a rufinta har muka dawo. Surukina, wanda kullum yake mini tsiya wai na fi kula da mota a kan gona, shi ne ya ja ni gefe kafin mu taso ya ce, "In ka samu irin man nan ka aiko mini da guda, amma kada ka gaya wa kowa."

Ban ce silant sulke ba ne. Kashin tsuntsu da na jemage suna cin fenti, in suka wuni a rana sai sun bar tabo ko me ka shafa. Ka riƙa ajiye gorar ruwa da tawul mai laushi a but, ka jiƙa ka ɗauke da zarar ka gani. Inuwar dogon yaro ma da muke rububinta tana da nata harajin, 'ya'yansa da ɗanko suna zuba.

Wajen shafawa akwai abu ɗaya da ya shafe ka kai tsaye, tunda yanzu aka sauke inji. Man folish yana barin maiƙo a jikin fenti, silant kuwa ba ya kama maiƙo. In ka shafa a haka, a kan maiƙon zai zauna, wankin farko ya tafi da su tare, ka ce an sayar maka da jabu. Sai an fara goge jikin da sinadarin IPA, wani nau'in sifirit, wanda aka sirka da ruwa. In babu, a wanke ta sau ɗaya da sabulun wanke kwanuka na ruwa, a ɗauraye sosai, a tsane ta. Sannan a shafa a inuwa, jikin mota da sanyi, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ka lakato kaɗan a soso, ka shimfiɗa shi siriri har da ƙyar ake ganinsa, ƙofa ɗaya ko rabin bonet a lokaci guda. Yawansa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa, musamman Fusso, wanda in ka lafta shi kafaɗarka za ta ba ka labari. Bayan 'yan mintuna zai yi fari-fari. Ka ja yatsa a kai, in wurin ya fito tas ba tare da shafewa ba, ka goge da tawul ɗin maikirofaiba mai tsabta. Kada ya taɓa baƙar roba ta gefen gilashi da bamba, farin da yake bari a can yana da wuyar fita. Daga nan awa 12 zuwa 24 kada ruwa ya taɓa ta. In da iska ake, a yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar, don duk ƙwayar yashin da ta sauka kana cikin gogewa, kai da hannunka za ka karce fentin da ita.

In har ranka ya nace sai ka ga zurfin nan na waks a baƙar mota, ka sa shi a saman silant bayan ya kwana. Silant a ƙasa, waks a sama. In ka juya su, ka yi asarar biyun.

Amma Malam, abin da ya fi kashe fenti a garin nan ba zaɓin gwangwani ba ne, tsumman safe ne. Kowane gida akwai yaro ko maigadi da ke fitowa da asuba da tsohuwar singileti ya bi mota a bushe yana karkaɗe ƙura. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. A kan baƙar mota, 'yan makonni na wannan gogar sun isa su dawo da zanen gizo-gizon da ka biya kuɗi aka cire. Ka hana. In ba za a wanke da ruwa ba, a bar ta da ƙurarta, ba abin kunya ba ne. Na biyu omo. Masu wankin mota da yawa da shi suke aiki don yana kumfa kuma yana da araha, amma ƙarfinsa na cire maiƙo ne, waks ba ya jure masa, silant ma yana rage masa kwana. Ka sayi sabulun wankin mota naka ka riƙa tafiya da shi, murfi ɗaya a bokiti ya isa. Kuma kada a wanke ta a rana da ruwan burtsatse a bar shi ya bushe da kansa, gishirin da ke cikinsa shi ke barin farin ɗige-ɗigen nan da ke fitowa ɓaro-ɓaro a baƙin fenti.

Na san wani zai ce me ya sa ban ambaci siramik ba, wato shafin kariyar fenti da ke bushewa da tauri. Na gaske yana kai shekara biyu ko fiye, amma yana son ɗaki rufaffe marar ƙura da hannun da ya saba, kuma in aka bar shi ya bushe da tudu, sai inji ya sake cin kiliyar kafin ya fita. A rumfar kwano a bakin titi da iskar hunturu, ban ba ka shawara ba. Na fesawa da ake rubuta wa siramik kuwa, silant ne da aka ƙara wa sinadarin silika. Yana aiki, amma da watanni ake lissafa shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai mai zuba ɗan man fetur na laita a bonet ya kyasta wuta, ya kashe, ya ce ka ga ƙarfin mansa. Tururin man ne ke ci a sama na 'yan daƙiƙoƙi, fentin da ba a shafa wa komai ba ma haka zai fito. Akwai mai nuna maka 9H a kwalba ya ce ko ƙusa ba ta karce ta. Wannan ma'aunin taurin bakin fensir ne, ba na ƙarfe ba, makulli zai karce ta sarai. Akwai masu tara gwangwanayen da suka ƙare na manyan kamfanoni su ɗura nasu haɗin. Mafi muni su ne masu wankin da za su karɓi kuɗin silant su shafe maka mota da man ƙyallin taya ko ɗan gas a tsumma. Ka ɗauke ta tana walƙiya, kafin ka kai Badariya ta kwashi ƙurar unguwa. Araha ba ta ado. In ka ji farashin ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, ka ajiye. Ka duba hatimin murfi, ka duba lambar da aka buga a gindin gwangwani, ba wadda aka manna da takarda ba. Ka sayo da kanka, a buɗe a gabanka, a shafa a gabanka, ka koma gida da sauran, don gwangwani ɗaya zai yi maka shafi da yawa.

Abu guda kawai zai sa in ce ka dakata: idan an yi wa wani ɓangare na motar sabon fenti kwanan nan. Sabon fenti yana buƙatar kwana 30 zuwa 90 yana fitar da tiner ɗin da ke cikinsa, in ka rufe shi da wuri yana iya dusashewa. Ka tsallake wannan ɓangaren, ka shafa wa sauran.

Ni sau biyu nake yi a shekara, a Oktoba kafin hunturu ya shigo, sai a Mayu kafin ruwa ya sauka. Tsakanin nan, in ka watsa ruwa a rufi ka ga ya kwanta shimfiɗe maimakon ya dunƙule ya gudu, lokacin sabuntawa ya yi, kuma rufi da bonet ne za su fara nunawa. In ka samu gwangwanin, turo mini hoton murfin da gindinsa kafin ka biya, in duba maka.