Shagon da ke buga wa masu nazarin adabin Gotik littattafai a Sakkwato

Duk ɗalibin da ya zaɓi yin bincike kan adabin Ingila na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, musamman rubuce-rubucen masu neman sauyi da labaran ban tsoro da ake kira Gotik, ya san cewa samun littattafan a Sakkwato jan aiki ne. Akwai wani shago a kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke rage wannan wahala, domin mai shi yakan sauko da tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare daga intanet, ya buga su, ya yi musu bango mai kauri.

Ta fuskar sana'a, aikinsa abin yabo ne. Da zare yake ɗinki maimakon gam, wanda zafin watan Afrilu kan busar har shafuka su riƙa zubewa, kuma yakan bar gefen shafi da faɗi yadda mai nazari zai samu wurin yin sharhi da fensir.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba ya rubuta bugun da ya ɗauko, alhali ga mai binciken siyasar wannan adabi bugun ne tushen hujja. Littafin Frankenstein na Mary Shelley ya fara fita a 1818 ba tare da sunanta ba, da sadaukarwa ga mahaifinta William Godwin, sannan ta yi masa kwaskwarima a 1831, inda ƙaddara ta ƙara samun ƙarfi a kan zaɓin da Victor, jigon labarin, ya yi da kansa. Kwafin shagon na 1831 ne, don haka wanda ya kafa hujja da shi kan ra'ayin marubuciyar a lokacin ƙuruciyarta zai sha tambaya a gaban malaman da za su duba kundinsa. Haka lamarin yake ga littafin Caleb Williams na Godwin, wanda aka janye gabatarwarsa daga bugun farko na 1794 saboda fargabar masu sayar da littattafai, a shekarar da gwamnati ta gurfanar da 'yan neman sauyi bisa zargin cin amanar ƙasa.

Saboda haka ya kamata mai bincike ya je da shekarar bugun da yake so a rubuce, ya kuma nemi a haɗa masa da shafin farko. Farashin yana da sauƙi, sai dai yakan ɗan ƙaru idan an ɗauke wuta aka tada janareto.